Wa Zai Tsaya wa Wanda Ya Fito Daga Gidan Yari?



A 2019 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari ta Nijeriya. Tun daga nan gidajen rediyo da jaridu suka koma cewa gidan gyaran hali, a maimakon gidan yari, ko kurkuku, ko gidan kaso da muka tashi muka tarar a bakin iyayenmu. Tsohon sunan yana da tarihinsa, domin Yari sarauta ce ta bafaden da sarki ke damƙa wa tsaron masu laifi, kuma gidajen yarin En'e sun ci gaba da aiki har zuwa 1968, lokacin da gwamnatin tarayya ta karɓe su. Sabon sunan kuwa alkawari yake ɗauke da shi, wato mutum zai shiga da hali ɗaya ya fito da wani. Amma a bakin mutanen gari akwai maganar da ta girmi wannan doka nesa ba kusa ba, ita ce: hali zanen dutse. Hukuma ta ce an gyara, unguwa ta ce ba ya gyaruwa, shi kuwa wanda aka sako yana tsaye a tsakani da 'yar jakarsa a hannu. Wannan mutum shi ne muke so mu yi tunani a kansa, mu tambayi kanmu ko akwai wani hakki nasa da ya rataya a wuyanmu.

Bari mu sa maganar a wuri guda domin kada ta tashi a iska. Daddara tana kan hanyar da ta fito daga Katsina ta nufi Jibiya, ta bi ta bakin iyaka a Magama, ta shiga Ɗan Isa har Maraɗi. Mutanen wannan yanki, ban da noma, abincinsu a kan hanyar nan yake: direbobi, 'yan acaɓa, 'yan dako, 'yan kamasho, 'yan bumburutu, masu abincin sayarwa a tasha. A 'yan shekarun nan kuwa hanyar ta sha rufewa. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilu na 2022. A watan Nuwamba na 2019 an hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A 2021, saboda ta'adin 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Katsina ta hana sayar da mai a jarka, aka kuma katse layukan waya na 'yan watanni a ƙananan hukumomi da dama, har da Jibiya. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yuli na 2023 aka sake rufe iyakar, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Kowace rufewa tana mai da sana'ar jiya laifin yau, tana kuma barin samari da yawa hannu rabbana. Ba muna wanke fasa-ƙwauri ko sata ba ne. Muna dai tunawa da cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ba kowane wanda ya kwana a gidan yarin Katsina ne gawurtaccen ɓarawo ba.

Hasali ma, da yawansu ba a taɓa yanke musu hukunci ba. Shekara da shekaru ƙididdigar hukumar kanta tana nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Wani zai yi wata shida, wani shekara uku, daga baya a kori ƙarar ko a ce ba shi da laifi. Waɗansu kuma tara aka ci su, suka rasa abin biya. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ba da sanarwar sakin mutum 4,068 da ke tsare saboda tara ko diyyar da suka kasa biya, bayan an tara Naira miliyan 585 daga masu taimako. Ku raba kuɗin da yawan mutanen ku gani: bai kai Naira dubu 150 a kan kowane mutum ba, kuɗin da wani zai kashe a ɗinkin biki. Sai dai unguwa ba ta duba takardar kotu. Wanda aka wanke, da wanda talauci ya tsare, da wanda ya yi fashi da makami, duk suna ɗaya take kiransu da shi: tsohon fursuna.

Alƙali in zai yanke hukunci yakan faɗi ranar farawa da ranar ƙarewa. Hukuncin da unguwa ke yankewa ba shi da ranar ƙarewa, ba a kuma ɗaukaka ƙararsa. A ce saurayi ne ya saci akuya, ya yi wata tara, ya dawo gida. Ran farko za a yi masa barka da arziki, wataƙila ma uwarsa ta dafa abin da yake so. Bayan mako guda zai soma gane inda yake. Ya je wurin mai ba da babur haya, an ce ya kawo wanda zai tsaya masa. Ya nemi shiga adashe, uwar adashe ta ce hannu ya cika. Ya je gona ƙodago, maigona ya sa yaro ya riƙa ƙirga buhuna a gabansa. Ya nemi aure, dangin yarinya sun aika bincike, binciken bai wuce tambaya ɗaya ba. In kaza ta ɓace a unguwa, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Har a majami'a, in Kirista ne, zai lura da yadda mace ke jawo jakarta kusa in ya zauna a bencinta. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi, amma ba inda zai sa ƙafa. Daga nan hanya biyu ce ta rage masa. Ko ya ƙetare iyaka, ko ya gangara kudu inda ba a san sunansa ba, ya bar iyali a baya. Ko kuwa ya koma wurin mutanen da ba sa tambayar tarihin kowa, waɗanda ya saba da su a ɗakin tsaro, ko waɗanda ke daji. A yankin da ke maƙwabtaka da dajin da 'yan bindiga suka daɗe suna fakewa a ciki, wannan hanya ta biyu ba ta da nisa, kuma kullum a buɗe take.

Lalle ne mu faɗi gaskiya game da tsoron da mutane ke ji, domin tsoro ne mai dalili. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen Jibiya da Batsari da Safana sun binne 'yan'uwansu, sun sayar da gonaki da shanu domin biyan kuɗin fansa, sun bar ƙauyukansu sun kwana a makarantu. Ikkilisiya ma ba ta tsira ba: a watan Mayu na 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi, a watan Mayu na 2022 kuma aka sace firistoci biyu daga Gidan Maikambo a ƙasar Kafur. Har ila yau, kalmar tuba kanta ta sha wulaƙanci a jihar nan. A 2019 gwamnatin Aminu Bello Masari ta zauna da shugabannin 'yan bindiga, aka ce sun tuba, kafin shekara ta zagayo hare-hare suka dawo, gwamnan da kansa ya fito ya ce an ci amanarsa. Bahaushe yana da sunan irin wannan, tuban muzuru, wanda ke tuba da kaza a baki. Duk wanda zai tsaya a gaban irin waɗannan mutane ya ce su buɗe hannu su karɓi mai laifi, wajibi ne ya fara sunkuyar da kai a gaban kaburburansu.

Duk da haka akwai abin da ya kamata mu lura da shi. A farkon 2025 shugabannin al'umma a ƙaramar hukumar Jibiya suka ƙulla sulhu da masu riƙe da makamai a dajin yankin, daga baya waɗansu ƙananan hukumomi suka bi sahu. Ba mu da bakin zargin manomin da ya yarda da sulhu domin ya samu ya shiga gonarsa. Wanda bai kwana da ƙarar bindiga ba bai isa ya koya masa jarumtaka ba. Amma sulhu daban, tuba daban. Sulhu yarjejeniya ce da ake yi da mai ƙarfi, wanda bai tsaya gaban alƙali ba, bai biya diyya ba, sau da yawa ma bai ajiye makaminsa ba. Abin da ke ɗaure kai shi ne, an shimfiɗa wa wannan tabarma an zauna da shi, shi kuwa wanda ya saci akuya, aka kama shi, ya amsa laifinsa, ya cika wa'adinsa cif, an hana shi ko inuwar bakin kasuwa. In yaran gari suka kalli wannan lissafi, darasin da za su ɗauka shi ne cewa laifi ƙarami ne ke jawo ƙyama, babba kuwa girma yake jawowa. Ba mu san wani darasi da ya fi wannan haɗari ga garin da ke bakin daji ba.

To, mu koma ga zanen dutse. Karin maganar tana da gaskiyarta: ɗabi'ar da mutum ya daɗe a kanta ba ta barinsa dare ɗaya, kuma bango huɗu da gandiroba ba sa sauya zuciya. Waɗansu ma sukan fito sun fi yadda suka shiga lalacewa, saboda cunkoso da zama da gwanaye. Amma in muka ɗauki maganar a matsayin hukunci na ƙarshe a kan ɗan Adam, sai mu rushe abubuwa da yawa da muke tsaye a kansu. Me ya sa muke yi wa yaro faɗa, me ya sa liman ke huɗuba, me ya sa muke layi a ƙofar ɗakin furci kowane lokacin Azumi, in mutum ba ya sauyawa? Kowannenmu yakan durƙusa ya faɗi zunubin da ya faɗa bara, ya tashi da gafara, ba tare da an rubuta sunansa a bango ba. Bambancin da ke tsakanin yawancinmu da tsohon fursuna shi ne nasa laifin an karanta shi a bainar jama'a. Bugu da ƙari, maganar tana da wata mugunta a ɓoye, domin ita ce ke haifar da shaidarta. A hana mutum aiki saboda an ce ba zai daina sata ba, yunwa ta kai shi ga sata, sai a ce ai dama mun faɗa. Ba a taɓa gwada shi ba, balle a san ko dutse ne ko yumɓu.

Abin da wannan mutum ya rasa, in an bi diddigi, ya fi ƙarfin abinci ko tufa. Amana ya rasa. Amana kuwa tana da wata siffa ta daban: mutum ba ya iya ƙera wa kansa ita. Ko ya rantse sau dubu, rantsuwarsa ba ta da daraja sai an riga an yarda da shi. Yana bukatar aiki domin ya nuna ya gyaru, yana kuma bukatar a san ya gyaru kafin a ba shi aiki. Wannan ƙulli ba ya kwancewa daga ciki, sai wani daga waje ya sa hannu.

Kasuwancin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin maganin wannan. Baƙon da ya iso gari da kaya ko da dabbobi, ba wanda ya san shi, yakan sauka wurin fatoma ko maigida. Shi maigidan ne zai ba shi masauki, ya haɗa shi da masu saye, in an ba da bashi kuma shi ne ke lamuni. In wanda ya tsaya wa ya gudu, shi zai biya. Haka fatauci ya yi tafiya daga Katsina da Kano har Gwanja da Kurmi tun ba a san banki ba, haka kuma har yau kaya ke wucewa tsakanin Jibiya da Maraɗi a kan kalmar mutum ɗaya da aka sani. Mai lamuni ba sadaka yake bayarwa ba. Sunansa yake ba da aro, sunan da ya yi shekaru yana ginawa, yana sane da cewa za a iya dawo masa da shi da tabo. A ganinmu wannan shi ne ainihin abin da ake binmu game da wanda ya fito daga gidan yari. Cewa na yafe maka abu ne mai kyau, amma sau da yawa ba ya cin ko kwabo. Cewa ku ba shi, in ya ɓata ku neme ni, wannan ita ce maganar da ke buɗe ƙofa.

Ikkilisiya tun tana jaririya ta san wannan. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin yadda Shawulu, wanda ya goyi bayan kisan Istifanas, ya kuma riƙa jan masu bi zuwa kurkuku, ya zo Urushalima bayan tubansa yana neman shiga cikin almajirai, suka ji tsoronsa, ba su gaskata shi ba. Ba za mu ga laifinsu ba, domin a cikinsu akwai waɗanda suka ɗanɗani hannunsa. Abin da ya warware al'amarin shi ne Barnaba, mutumin da manzanni suka riga suka amince da shi, ya kama hannunsa ya kai shi gabansu, ya ba da shaida a kansa. Da Shawulu ɗan leƙen asiri ne, da Barnaba ne zai ɗauki alhakin jinin da zai zuba. Shi kuma Bulus bai manta da wannan alheri ba. Bayan shekaru, yana tsare a kurkuku, ya mai da Unisimas, bawan da ya rabu da maigidansa Filimon, da wasiƙa a hannu, a ciki ya ɗauki nauyin duk wata asara ko bashi da ke kan Unisimas, ya ce shi za a bi. Ku lura, bai musanta cewa an yi asara ba, bai kuma ce Filimon ya manta da ita ba. Lamuni ya yi, irin wanda kowane dillali a kasuwar Jibiya zai gane.

A zamanin da ya fi kusa da mu akwai labarin da yawancinmu muka san rabinsa. Mun san Waliyya Mariya Goretti, yarinya 'yar shekara 11 da aka kashe a Italiya a 1902, wadda ta yafe wa makashinta kafin ta cika. Ba kowa ne ya san abin da ya faru da shi ba. Alessandro Serenelli ya yi shekara 27 a kurkuku, ya fito a 1929, ya yi ta ƙodago nan da can. A Kirsimetin 1934 ya je wurin Assunta, mahaifiyar yarinyar, ya roƙi gafara, ta yafe masa, suka je majami'a tare. Amma gafarar uwa ba ta ba shi wurin kwana ba. 'Yan zuhudu na Kapucin ne suka karɓe shi, suka ba shi aikin lambu da tsaron ƙofa, ya zauna tare da su har ya rasu a 1970. Mutumin da ya kashe yarinya aka damƙa wa ƙofar gida. Wani ne a cikin gidan nan ya fara cewa a bar shi ya shigo, kuma ba mu jin ya faɗe ta ba tare da fargaba ba.

Labarin yana koya mana wani abu kuma game da wanda aka zalunta. Shekara 32 ke tsakanin kisan da ranar da Alessandro ya tsaya a ƙofar Assunta, kuma shi ne ya taka ya je. Ba daidai ba ne fada ko katikis ko dattawan gari su matsa wa wanda aka cuta ya yafe a ranar da suka ga dama, ko su sa shi jin kunya don zuciyarsa ba ta huce ba tukuna. Gafara kuma ba ta share hakki. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yafe wa Mehmet Ali Agca, wanda ya harbe shi a watan Mayu na 1981, har ya ziyarce shi a kurkukun Rebibbia a watan Disamba na 1983, amma mutumin ya ci gaba da zaman wa'adinsa a Italiya har 2000. Saboda haka wanda zai tsaya wa mai laifi, aikinsa na farko shi ne ya raka shi, tare da mai unguwa ko wani dattijo da ake jin maganarsa, zuwa gidan wanda ya cuta, in shi wancan ya yarda a zo. In akuya ce, a yi maganar yadda za a biya ta, ko da kaɗan-kaɗan ne. Zaman gidan yari ya biya hukuma, amma mai akuya bai ga ko igiyarta ba, kuma shi ne zai riƙa haɗuwa da ɓarawon kullum a bakin rijiya.

Lamuni kuma ba makanta ba ne. Maigida mai hankali ba ya tsaya wa baƙo a kan shanu ɗari ran da ya fara ganinsa. Yakan fara da abin da in ya salwanta zai iya ɗauka. Wanda aka ɗaure don cin kuɗi ba za a ba shi ajiyar baikon majami'a ba, aƙalla ba da wuri ba, wannan ma tausayi ne gare shi, domin ba a ajiye nama a gaban wanda ke koyon azumi. Wanda laifinsa ya shafi lalata yara kuwa, ba za a bar shi da yara ba har abada, ko da ya tuba tuba na gaskiya. A nan babu gwaji, domin wanda zai biya in gwajin ya ɓaci ba mai lamunin ba ne. Amma tsakanin damƙa wa mutum makullin taska da hana shi komai akwai fili mai faɗi: kadada ɗaya a noman rani a bakin madatsar ruwan Jibiya, benci a shagon kafinta, baro na dako, hannu ɗaya a adashe wanda zai zama na ƙarshen kwasa. In ya riƙe ƙarami wata shida, shi da kansa ya soma mallakar abin da aka ara masa.

Wani zai ce, to in ya ci amanar fa? Zai yiwu ƙwarai. Waɗansu za su gudu da babur, waɗansu za su koma shaye-shaye, kuma wanda ya tsaya musu zai biya kuɗi, ya kuma sha dariyar maƙwabta, wadda ta fi biyan kuɗin ciwo. Ba za mu yi muku alkawarin abin da ba mu da iko a kansa ba. Abin da za a iya yi shi ne kada a bar nauyin a kan mutum ɗaya. Zumuntar Mata, da ƙungiyar maza, da ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul a inda take, wadda ke ɗauke da sunan firist ɗin da aka naɗa mai kula da fursunonin jiragen ruwan Faransa a 1619, za su iya ware wani abu kaɗan a matsayin asusun lamuni, ta yadda in ɗan Ikkilisiya ya ɗauki tsohon fursuna aiki aka yi asara, jama'a su raba ta. Asarar da za ta durƙusar da tela guda, mutum arba'in ba za su ji ta ba. Kuma in mutum biyar aka tsaya wa, biyu suka ɓata, ukun da suka tsaya da ƙafarsu suna da mata da 'ya'ya, kuma su uku ne da daji bai samu ba.

Mun san cewa a Daddara da Jibiya mu 'yan kaɗan ne, Dayosis ɗin Katsina kansa sai a watan Oktoba na 2023 aka kafa shi, aka ba Bishop Gerald Mamman Musa jagorancinsa. Wanda zai dawo daga gidan yari zuwa unguwarmu, galibi Musulmi ne, ɗan maƙwabcinmu. Wannan bai rage komai daga hakkin ba, kuma kada taimakon ya zama ƙugiyar jawo mutum majami'a. Wanda yunwa ta durƙusar ba a yi masa ciniki da addininsa. Maƙwabtanmu Musulmi suna da koyarwa mai zurfi game da tuba da rufin asiri, sau da yawa limamin unguwa ne zai fi mu sanin wanda ya dace a tuntuɓa. Paparoma Francis, a Alhamis Mai Tsarki ta farko bayan zaɓensa a 2013, ya wanke ƙafafun matasa 12 a gidan tsaron yara na Casal del Marmo a Roma, a cikinsu akwai Musulmi. A watan Afrilu na 2025, kwana huɗu kafin rasuwarsa, yana fama da jiki, ya sa aka kai shi kurkukun Regina Coeli ya gaisa da fursunoni.

Akwai kuma waɗanda ke shan hukuncin alhali ba su taɓa ganin alƙali ba. Matar wanda aka ɗaure takan rasa masu sayen ƙosanta, 'ya'yansa su sha gori a makaranta, 'yarsa ta ga masu neman aurenta sun janye. Mace in ita ce aka ɗaure, abin ya ninka, domin sau da yawa takan fito ta tarar da takardar saki, gidan iyaye kuma ba a ɗokin ganinta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in ji magabata, amma dangi da yawa sun yanke, ba don ƙiyayya ba, sai don kunyar abin da za a ce. Ziyarar mutum ɗaya mai mutunci zuwa irin wannan gida, da rana tsaka, kowa na gani, takan sauya abin da za a ce.

Dokar 2019 da muka ambata ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna ɗa'a a lokacin zamansa, ta kuma ce kada a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda ɗaurin da ya sha. Yana da kyau iyalai su san da ita, su kuma tambayi jami'an gidan tun kafin ranar fita. Sai dai mai shago a Magama ba zai karanta takarda ba, fuskar wanda ya kawo mutumin zai duba. Ranar sakin wanda aka yanke wa hukunci kuwa ba asiri ba ce, shi ya san ta, jami'ai sun san ta, iyalinsa ma za su iya saninta tun da watanni. Akwai lokacin da za a ziyarce shi a ji sana'ar da ya iya ko ya koya a ciki, a yi magana da mai unguwa, a nemi wanda zai ɗauke shi aiki, a ji ta bakin wanda ya cuta. Ran da za a buɗe masa ƙofa a Katsina, a samu mutum biyu a waje, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga cikinmu, da riga mai tsabta da kuɗin mota zuwa Daddara, su sauka tare da shi a tasha da rana, su bi ta cikin gari da ƙafa har ƙofar gidansu.